Yaranmu Suna Waƙa, Mu Ne Muka Daina Koya Musu

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da wata majami'a a nan Garwa, arewacin Kamaru. Shekara da shekaru muna zaune lafiya da mutanenta: in Layya ta zo mu aika musu da nama, in Kirsimeti ta zo su aiko mana da shinkafa da cincin. Duk Talata da Alhamis da Asabar, da an sauko daga la'asar, 'yan koral ɗinsu, wato ƙungiyar mawaƙan majami'ar, kan taru su yi ta bitar waƙa har gab da magariba. Mun saba da su har kunnenmu ya daina ji, kamar yadda mai gida a bakin kwalta ya saba da ƙarar babura.

Wata Asabar ina zaune a tsakar gida ina duba takardun 'yan ajina, 'yata ta biyu mai shekara 9 tana wanke-wanke a bakin rariya, sai na ji tana bin waƙarsu a hankali. Ba ta san kalmomin ba, domin da wani yare suke yi wanda ba ta ji, karin kawai take bi ta hanci. Abin da ya sa na ajiye biro shi ne muryar da ta zaɓa. Ta bar ta saman, wadda kowa zai iya kamawa, ta bi wata can ƙarƙashi wadda ni duk tsawon zamana a gidan ban taɓa lura da ita ba. Na ce, "Ke, me kike rerawa haka?" Ta ce, "Baba, ta ƙasan ce. Su huɗu ne, ba ka ji ba? In ta saman ta hau, wannan sai ta tsaya ta jira ta." Uwarta ta leƙo daga madafa, muka haɗa ido.

Tsoro ne ya fara zo mini, irin na kowane uba Musulmi da ya ji waƙar coci a bakin 'yarsa. Amma tsoron bai kwana ba. Abin da ya kwana da ni kunya ce. Allah ya ba yarinya kunne mai rarrabe muryoyi huɗu ta bayan katanga, ga shi a gidan ubanta, da makarantar allonta, da lekol, wato makarantar boko, inda ni kaina nake koyarwa, babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce ga yadda ake ja da numfashi, ga yadda ake ɗora murya. Maƙwabta ba su kira ta ba, ba su ma san tana ji ba. Ta tsinci abin da ya faɗo ta kan katanga ne don a cikin gida ba a ba ta komai ba.

Ra'ayina ke nan tun daga ranar: ya kamata kowace unguwar Hausawa a Garwa da Marwa da Ngaundare ta samu ƙungiyar yara masu koyon waƙa, da malami tsayayye, da ranaku tsayayyu, da waƙoƙi na harshenmu waɗanda iyaye suka ji suka yarda da su. Na san wannan magana za ta sosa wa wasu rai, har cikin dangina, shi ya sa zan bi ta a hankali.

Bari in fara da inda nake cin abinci. A takarda, koyar da waƙa yana nan a lekol. Dokar ilimi ta Kamaru ta 1998 ta ambaci tarbiyyar yaro ta fuskar fasaha da al'ada, ta kuma ambaci raya harsunan ƙasa. A jadawalin aji ma akwai gurbinta. Sai dai duk wanda ya taɓa riƙe alli a arewa ya san makomar wannan gurbi: lissafi ne ke cinye shi, ko shifta, musamman a ajin da zai zauna jarrabawar CEP ta kammala firamare. Malamin ma ba laifinsa ba ne. Ga aji cike maƙil, yara uku ko huɗu a benci ɗaya, shi kansa kuma ba a taɓa koya masa waƙa ba, to me zai bayar? 

Sau biyu a shekara ake tunawa yara suna da murya: in 11 ga Fabrairu ta matso, ranar matasa, da kuma 20 ga Mayu, ranar bikin ƙasa. Saura mako biyu ko uku sai a fito da su fili cikin rana da ƙurar hunturu, a jera su, a ce su ɗaga murya. Ma'aunin iyawa ɗaya ne, wa ya fi ƙara. Malami na tsaye da tsumagiya yana cewa bai ji ba, yara suna ta kware baki har jijiyoyin wuya su fito. Ranar fareti rabinsu muryar ta dishe. An wuce gaban manya, an tafa, an watse, sai baɗi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa kowace shekara ranar tafiyar muke fafe shi. Abin da ke ƙona mini rai shi ne taken ƙasar da muke sa su yi wa ihu, ɗalibai ne suka tsara shi. A 1928, a makarantar horon malamai ta Fulasi can kudu kusa da Sangmelima, 'yan makaranta ne suka rubuta kalmominsa suka ɗora masa kari, domin a makarantarsu waƙa darasi ce da ake koyarwa da gaske. Yau a ajina babu yaro ɗaya da zai iya rera shi daga farko zuwa ƙarshe ba tare da karin ya zame masa ba.

Amma tun kafin lekol muna da makarantarmu, sunanta dandali. Goggona, ƙanwar mahaifina, ta haura saba'in, kuma a bakinta na san abin da muka yi asara. In farin wata ya fito, bayan an ci tuwon dare, 'yan mata kan fita su yi da'ira. Ɗaya ta ba da waƙa, saura su amsa, tafi na tafiya daidai kamar an auna. Mai rawa ta shiga tsakiya, ta juya baya ta saki jiki ta faɗo, ƙawayenta su cafe ta su cilla ta sama, ta dira a kan kari, ba gaba ba baya. Gaɗa ke nan. Babu wanda ya kira ta darasi, amma a nan yarinya ke koyon riƙe amshi, da jiran lokacinta, da ƙirƙirar ɗango nan take in an zo kanta, da yarda da cewa in ta faɗo akwai hannuwan da za su tare ta. A cikin gida kuma ga waƙar niƙa, ga lugude a bakin turmi, ga waƙar daɓe in za a gyara ɗakin amarya, ga ta raino. Yaro yana goye yake fara jin kari a bayan uwarsa.

Duk waɗannan sun tafi ba tare da wani ya yanke musu hukunci ba. Injin niƙa ya ɗauke dutse da waƙarsa. Siminti ya kashe daɓe. Filayen dandali an yanka su an yi shaguna. Talabijin ta shigo, waya ta biyo ta, sannan tun da fitinar Boko Haram ta taɓa yankin Arewa Mai Nisa daga 2014, ko a garuruwan da ba ta kai ba iyaye sun ƙara ƙulle ƙofa da wuri. Ba na kukan injin niƙa, Allah ya sani ya hutar da iyayenmu mata. Kukana shi ne da aikin ya tafi, ba mu gina wa waƙar wani ɗaki ba. Yaran kuwa ba su daina waƙa ba ko na yini ɗaya. Tsaya a bakin famfo ka saurara: waƙoƙin soyayya na finafinai ne a bakin 'yar shekara 7, da na gambarar zamani da ba ta san ma'anarsu ba, wani lokaci gara ma da ba ta sani ba. Mu muka janye hannu, waya ta karɓi aikin, ita kuwa ba ta tambayar uban kowa.

Yanzu maganar addini, wadda ita ce farkon abin da za a jefo mini. Ba na wasa da ita. Akwai hadisi a Bukhari da ya ambaci kayan kiɗa tare da zina da alharini da giya a cikin abubuwan da wasu mutane za su halatta, kuma a kansa malamai da yawa suka tsaya suka hana kayan kiɗa. Akwai kuma waɗanda suka sassauta, irin su Ibn Hazm, Imam Gazali ma ya ware babi guda a littafinsa Ihya'u a kan sauraro da sharuɗɗansa. Wannan saɓani ya girme mu duka, kuma fatawa ta malamai ce. Amma abin da nake kira a kai bai ma shiga cikin saɓanin ba, domin murya ce da tafi. A Bukhari da Muslim an ruwaito 'yan mata biyu suna waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi, Sayyidina Abubakar ya tsawata musu, Manzon Allah (SAW) ya ce a ƙyale su. Sahabbai suna haƙa ramin Handaƙ suna rera baitoci. Da aka zo maganar kiran salla, wanda ya yi mafarkinsa an ce ya koya wa Bilal ne don muryar Bilal ta fi kaiwa nesa. Addinin da ya zaɓi ladani saboda murya ba zai ƙi a gyara muryar yaro ba.

Mu kuma nan ƙasar Adamawa, da waƙa karatu ya iso mana. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya ba Modibbo Adama tuta, da waƙoƙin Fulatanci ya isar da wa'azi ga waɗanda ba su jin Larabci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta rubuta waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta horar da jajis, wato mata masu koyarwa, suka riƙa bin ƙauyuka suna koya wa mata tauhidi da tsarki da tarihi ta hanyar rerawa. Ishiriniya da Burda har gobe rera su ake yi a Maulidi. A yankin Marwa akwai masu mbooku, maza da ke tsayawa su rera tarihi da Fulatanci, ɗaya na bayarwa saura na amsawa, babu ganga babu garaya. Wannan in ba ƙungiyar mawaƙa ba ce, mece ce? Islamiyyoyinmu ma suna sa yara waƙe ranar walimar sauka, kuma ina yaba musu, su kaɗai suka riƙe wani abu. Sai dai cutar fareti ta kama su: a ba yarinya makirfo, a ƙure lasifika, ta yi ta tsala ihu har kalmomin yabon su ɓace a cikin ƙara.

Da na kai wa Baffana maganar, yayan mahaifina wanda shi ne babba a gidanmu yanzu, na shirya hujjojin nan duka. Ya bar ni na gama, yana jan carbi. Sannan ya ce, "Malam, na ji ayoyinka da hadisanka. Ni tambayata ɗaya ce. Jikata za ka mayar zabiya? A gidan nan kakanka fatauci ya yi, daga Kano ya zo da tufafi. Ba mu gaji roƙo ba." Na ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Baffa, ba roƙo za ta yi ba." Ya ce, "Da haka ake farawa."

A nan na gane inda gizo ke saƙa. Rigar addini muke sa wa abin, amma a ƙarƙashinta ƙyamar roƙo ce. A wurinmu kiɗa da waƙa sana'ar gado ce ta wasu gidaje. Muna son su ranar suna da ranar biki, muna kumbura in sun wasa kakanninmu, muna yi musu liƙi, sannan in ɗansu ya zo neman aure mu ce a binciki asali. Fulani maƙwabtanmu ma haka suke da bambaɗawansu. Ranar hawan Sallah kowa na alfahari da algaita da kakaki a gaban Lamiɗo, amma wa zai yarda ɗansa ya busa? Ba na raina makaɗa, su suka riƙe mana tarihin da ba a rubuta ba, kuma raina su da muke yi abin kunyarmu ne. Abin da nake so Baffa ya gani shi ne waƙa daban, roƙo daban. Goggo ta yi gaɗa shekara goma a ƙuruciyarta, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba, kuma ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya. Yaron da aka koya wa lissafi ba dole ya zama ɗan kasuwa ba, wanda aka koya wa tajwidi ba dole ya zama limami ba.

Bayan wannan na yi abin da ban taɓa yi ba a duk zaman maƙwabtakarmu: na zagaya na yi sallama da mai koyar da koral ɗin, na roƙi ya bar ni in zauna a baya in kalla. Ma'aikacin kamfanin auduga ne, da rana yana ofis. Ya karɓe ni hannu bibbiyu. Abin da na gani ya ba ni mamaki saboda sauƙinsa. Babu fiyano a ranar, babu lantarki ma. Minti goma na farko ba a yi waƙa ba sam: yara sun tsaya ƙafa a ware, hannu a kan ciki, suna shaƙar iska har cikin ya taso, suna sakinta a hankali kamar mai hura wuta. Sai hawa da sauka a kan do, re, mi. Sannan ya raba su gida huɗu, kowane rukuni ya koyi layinsa shi kaɗai, sau biyar, sau goma. Da ya haɗa su, sai ya riƙa cewa abu ɗaya: in ba ka jin na kusa da kai, to ka cika ƙara. Wani yaro ɗan wajen shekara 14 muryarsa ta fara fashewa, tana hawa tana zamewa, sauran suka fara dariya. Malamin ya tsayar da su, ya ce kowane namiji sai ya bi ta wannan hanya, maƙogwaro ne ke girma, muryar za ta sauka ta zauna. Ya matsar da shi kusa da manya, ya ce ya riƙa bi a hankali kada ya matsa wa kansa. A wurinmu da irin wannan yaro ya ji dariya sau ɗaya, ya rufe baki ke nan har ya tsufa.

In ba ka jin na kusa da kai, ka cika ƙara. Na daɗe ina juya wannan magana. A ajina duk yini ina roƙon yara su saurara, ina duka tebur, ba su ji. A can kuwa na ga yara wajen arba'in suna kasa kunne ga juna don waƙar ba ta yiwuwa sai da haka. Na ga suna zuwa a kan lokaci don in rukuninka ya yi gibi kowa zai ji. Na ga yarinya mai in'ina tana rera layi guda ba tare da ta sarƙe ba. Ba zan ce waƙa za ta raba matasanmu da tramol ba, masu cewa haka sun cika baki, ga mawaƙa nan da yawa da ƙwaya ta kassara. Abin da na sani shi ne yaro ɗan shekara 13 da ke da wurin da ake jiransa sau uku a mako, inda in bai zo ba za a aiko a tambaya, ya fi wanda babu mai cigiyarsa daga la'asar zuwa isha'i.

Akwai kuma maganar harshe, wadda ta fi damun mu Hausawan Kamaru fiye da 'yan'uwanmu na Kano ko Damagaram. A Garwa yaro na fita ƙofar gida Fulatanci ne, a lekol Faransanci ne, Hausa ta koma ta tsakar gida da ta fim. Ba na ƙin Fulatanci, harshen kasuwarmu ne da na surukanmu. Amma ina jin yadda Hausar yaranmu ke lanƙwashewa. Hausa kuwa harshe ne na ja da saki, na hawa da sauka. Garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo, jan wasali ne ya raba su. Kukan jariri da kukar miya, karin sauti ne ya raba su. Rubutun boko ba ya nuna ko ɗaya, amma waƙa ba ta yafe su: in ka ja inda ba a ja, ɗangon zai karye a bakinka, kowa ya ji. Babu darasin nahawu da ya kai wannan.

A babban hutun da ya wuce muka gwada, ni da wani malamin Islamiyya da Goggo. Mun nemi aron ɗaki a wani ofishi da ke da zaure babba wanda yake kulle duk yini. Aka ce mu rubuto takarda, muka rubuta. Aka ce a dawo mako mai zuwa. Sau huɗu ina zuwa, a na biyar aka ce sai mun biya kuɗin wuta da na mai gadi, kuɗin da ya fi albashina na mako biyu. Muka haƙura muka koma zauren wani dattijo a unguwa. Yara 23 suka zo ranar farko, mata 17, maza 6. Sharuɗɗanmu uku ne kuma mun gaya wa kowane uba baki da baki: a tashi kafin kiran magariba, maza gefe mata gefe, kuma duk waƙar da za a koyar sai an karanta wa iyaye ita tukuna. Kayan aikinmu ƙwarya biyu da na sayo a kasuwar Fitowa ta ranar Lahadi, da tafin hannu.

Ranar da Goggo ta fara ba da waƙa ba zan manta ba. Ta zauna a kan tabarma ta miƙe ƙafa, ta ce ita muryarta ta mutu. Yaran suka yi tsit. Ta gyara zama, ta tafa sau uku, ta ɗauko wata waƙar gaɗa da ta ce rabonta da ita tun kafin a haifi autan ɗakinsu, wato ƙaninta. Muryar na rawa, amma karin na nan daram. Ta ce, "To ku amsa mana, 'yan nan, ayye yaraye kawai za ku ce." Suka amsa kamar masu jin tsoro. Ta sake. A zagaye na huɗu tafin ya haɗu, zauren ya ɗauka, sai ga matan maƙwabta a bakin ƙofa da lulluɓi, wata tana share hawaye da gefen mayafi tana amsawa tare da su. Ni kuma na ɗauko abin da na gani a bayan katanga, na sa su numfashi kafin a fara, na hana ihu. 'Yata ta ɗora wa amshin wata murya a ƙasa, Goggo ta dube ta ta ce, "Wannan kuma daga ina?" Ta saurara, ta ce, "Bar ta, ta zauna."

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Damina ce, ruwa ya cinye mana ranaku. Maza huɗu suka gudu a mako na biyu don abokansu na kiran su 'yan daudu, kuma laifinmu ne, ba mu tanadar musu nasu waƙoƙin ba, na noma da na tashe da na jarunta, sai malamin Islamiyya ya cece mu da ƙasidu. Wasu waƙoƙin Goggo ma da muka rubuta su muka ga akwai habaici da zambo da ba su dace da bakin yara ba, muka ajiye su. Mafi muni, da Satumba ta zo aka koma lekol, abin ya watse, domin dukanmu sa kai muke yi kuma kowa na da bakin da yake ciyarwa. Maƙwabtanmu sun daɗe ne don majami'arsu ta ɗauki koral a matsayin aikinta, da wuri, da jadawali, da wanda za a tambaya in abu ya lalace. Sa kai na kunna wuta, amma ba ya iza ta shekara goma.

Shi ya sa nake kallon masu riƙe da kuɗin jama'a. Dokar raba iko ta Disamba 2019 ta ɗora wa ƙananan hukumomi da majalisun yankuna raya al'adu da harsunan ƙasa. A kowace majalisar yanki, kujeru 20 cikin 90 na sarakunan gargajiya ne, wato mutanen da makaɗan fada ke ƙarƙashinsu, waɗanda suka fi kowa sanin cewa masu busa algaita suna tsufa babu magada. Abin da ake bukata bai kai kuɗin fentin dandalin fareti ba: aji ɗaya a lekol ɗin unguwa ranar Laraba da yamma, lokacin da dama ba a karatu, da alawus na wata-wata ga mutum biyu, mai koyar da murya da tsohuwa ko tsoho mai waƙoƙin. Ko sefa 30,000 kowannensu zai riƙe su. Mun ga yadda aka gyara filin ƙwallo na Rumde Ajiya a nan Garwa aka buga gasar cin kofin Afirka a 2022, mun ga ƙungiyar ƙwallon garinmu, Coton Sport, ta kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka a 2008. Babu wanda ya ce 'yan ƙwallo daga sama suke faɗowa, kowa ya san tun suna ƙanana ake tara su a horar. Alhazanmu masu gina masallaci a kowace kusurwa, Allah ya saka musu, su ma ina roƙon ɗaya daga cikinsu ya ɗauki nauyin malamin da zai gyara muryar yaran da gobe za su yi kiran salla a ciki.

Wasu sun fara da abin da bai kai namu ba. A Benezuwela, José Antonio Abreu ya fara da matasa 11 a wurin ajiye motoci a Karakas a 1975, abin ya zama tsarin ƙasa baki ɗaya. A Kinshasa, Armand Diangienda ya kafa ƙungiyar makaɗa a 1994 da mutanen da yawancinsu ba su taɓa riƙe kayan kiɗan ba. Kusa da mu, Yamai tana da cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya tun 1989, inda aka tara kayan kiɗan gargajiya ana koyar da su. Ban kawo su don mu kwaikwayi goge irin na Turawa ba. Mu namu ma ya fi araha, domin kowane yaro da kayan aikinsa aka haife shi.

Littafin da nake rubuta waƙoƙin Goggo ya kai waƙa 41. Duk Juma'a bayan an sauko nakan je in zauna, ta tuno, in rubuta, in ɗauka a waya. Wani lokaci takan tsaya a tsakiyar ɗango ta ce sauran ya tafi, wadda ta san shi ta rasu bara. Sai mu bar gurbin a buɗe mu wuce. Makon jiya ina cikin rubutu, 'yata na gefe tana amsa mata, na hangi Baffa ya jawo kujerarsa daga ƙofar gida zuwa bakin zaure, carbi a hannu, fuska a ɗaure. Da muka kai wata waƙar daɓe Goggo ta kakare, ta maimaita layin sau biyu ba ta samu na gaba ba. Daga bakin zaure, ba tare da ya juyo ba, Baffa ya faɗo mata shi. Ya ce Inna ce ke yin ta in za a yi wa amarya ɗaki, kuma ba haka ake jan ƙarshen ba, in gyara abin da na rubuta.